Gadufawa: Inda Ake Tono Ƙasusuwan Dainoso a Hamadar Nijar

Uwargida, in yaronki ya nuna miki hoton dainoso a littafinsa, kada ki ɗauka labarin ƙasar Turawa ne kawai. A nan kusa, cikin hamadar Tenere ta yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa, wanda ya yi suna a duniya saboda ƙasusuwan waɗannan manyan dabbobi da suka daɗe da ƙarewa. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, koguna ne da tsirrai a inda yau sai rairayi.

Bafaranshe Philippe Taquet ya fara aiki a wurin a 1965. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta Amurka ya shiga da tawagarsa, har a 1999 suka raɗa wa wata dabba suna Nigersaurus, don girmama ƙasar. Tsawonta ya kai mita 9, bakinta mai faɗi ne kamar shebur, da haƙora sama da 500, ba ta cin komai sai tsirrai.

Aikin tonon kuwa, 'yar'uwa, sai mai haƙuri irin na mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sau da yawa Abzinawa masu kiwon raƙuma ne ke nuna inda iska ta yaye rairayi ƙashi ya leƙo. Sai ma'aikata su durƙusa cikin zafin rana da buroshi da basilla, suna share ƙasa kaɗan-kaɗan. Su ɗiga wa ƙashin gam don kada ya ruguje, su zana yadda yake kwance, sannan su naɗe shi da buhun algarara da filasta, kamar yadda ake ɗaure karaya a asibiti, kafin a ɗora a mota.

Wannan zanen shi ne ran aikin. Ƙashin da aka fizge daga mazauninsa aka sayar wa baƙo ya rasa tarihinsa, ba kuma mai dawo da shi.

In kin samu zuwa Yamai, ki kai yara gidan tarihi na Bubu Hama su gani da idonsu. 'Yarki mai yawan tambaya da tsince-tsincen duwatsu kuma, ki amsa mata da sakin fuska. Ta yiwu ita ce gobe za ta riƙe buroshin.