Idan Ofishin Kanada Ya Kira Ku Intabiyu Kan Zancen Aure

A 'yan watannin nan, mata da maza daga Nima da Maamobi suna yawan zuwa teburinmu da wasiƙa a hannu: miji ko mata na Kanada ya cika takardun ɗauko su, yanzu an ce su je intabiyu a ofishin jakadancin Kanada da ke nan Akra. Ni ne mai yi wa jami'ar kariya tafinta, ga kuma abin da muke gaya wa duk wanda ya zo.

Da farko ku kwantar da hankali. Ba kowa ake kira ba, kuma kiran ba ya nufin an ƙi ku. Jami'in ma'aikatar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, ya karanta takardunku, akwai abin da bai gamsu da shi ba, yana so ya ji daga bakinku. Abin da yake nema ya sani shi ne ko auren na gaskiya ne, ko kuwa don biza aka ƙulla shi.

Saboda haka tambayoyin na cikin gida ne. Ina kuka haɗu? Wa ya shiga tsakani? Nawa ne sadaki, wa ya karɓa? Wane aiki mijinki yake yi, a wane gari yake zaune, shi da wa? Yaushe ya zo ƙarshe? Ya sunan 'yan uwansa? Za a gwada amsarku da abin da aka rubuta a fom. Idan wani ne ya cika muku, sai a karanta muku shi tun daga farko har ƙarshe kafin ranar.

Akwai wurin da al'adarmu take jawo matsala. Mace ba ta son kiran sunan miji ko na ɗan fari, tana sunkuyar da kai, tana amsawa a taƙaice. A wurinmu kunya ce da tarbiyya. Jami'in da bai san mu ba yana iya ɗauka ba ki san mijin ba ne. Yaya, ranar nan ki faɗi sunansa cikakke. Idan iyaye ne suka haɗa auren, ki faɗi haka kai tsaye, ba laifi ba ne muddin da yardarku ne ku biyun. Kada ki ƙirƙiro labarin soyayya. Yawancinmu kuma ba mu riƙe ranar haihuwa ba. Cewa "ban tuna ba" ya fi cinke.

Abu uku kuwa doka ce, iya magana ba ta gyara su. Tun watan Yuni na 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura alhali ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin. Idan ango yana Toronto, wakilinsa ya karɓa masa a masallaci a Nima, ko aka yi ta waya, ku zo mu duba tun kafin ku kashe kuɗi, domin wataƙila akwai wata hanyar. Na biyu, dole mata da miji kowa ya kai shekara 18. Na uku, Kanada ba ta amince da mace fiye da ɗaya ba, auren farko take lissafawa. Kada a ɓoye uwargida ko 'ya'yanta. Wanda aka kama da ƙarya ko takardar jabu ana hana shi shiga ƙasar har shekara 5, kuma na ga wannan ya fi komai rusa iyali.

Ku tafi da wasiƙar kiran, fasfo ko takardar tafiya, katin 'yan gudun hijira, da takardar aure ta asali. A Ghana ana rajistar auren Musulunci a hukumance, amma da yawa a zango liman da goro kawai muka sani. Idan naku babu rajista, ku faɗa mana da wuri. Ku haɗa da hotunan biki da na suna, rasit na kuɗin da ake aikowa, da hirarku ta WhatsApp. Wanda takardunsa suka salwanta a gudun hijira ya bayyana yadda aka yi, kada ya sa a buga masa wasu.

Wasiƙar takan faɗi yadda za a yi da tafinta, ku bi abin da ta ce. Daga aikina zan ba ku shawara ɗaya: ku yi magana gajere-gajere, ku jira a fassara. Idan Hausar tafintan ta bambanta da taku, ku faɗa nan take, kada ku gyaɗa kai kan abin da ba ku gane ba.

Ana iya ba ku amsa ranar, ana iya aikowa daga baya, ko a nemi ƙarin takardu. Idan an ƙi, wanda ke Kanada yana da kwana 30 daga samun wasiƙar ya ɗaukaka ƙara, don haka kada a ajiye ta a ƙarƙashin katifa.

'Yar uwar da aka tilasta wa auren, ko take tsoron mijin, tana iya ganin jami'ar kariya ita kaɗai, kuma maganar ba za ta fita ba. Taimakonmu kyauta ne. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi yana da mutum a cikin ofishin jakadanci, ku kawo mana labarinsa.