Abin Hawan Ɗalibi: A Auna Hanya Kafin a Taya Mota

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, aka koma makarantu, magana guda ce ke zagaya gidajenmu na Zongo: yaro ya samu jami'a, to da me zai riƙa zuwa? Unguwarmu tana yammacin Wagadugu. Jami'ar Joseph Ki-Zerbo tana Zogona, sai an ratsa tsakiyar gari. Ta Thomas Sankara kuwa tana can gabas, wajen Saaba. Saboda haka wasu magidanta kan karkata ga tsofaffin motocin Turai da ake kira "France au revoir", waɗanda ake saukewa a tashoshin ruwa na Lome da Kwatano.

Kafin a taya mota, a fara da lissafin mai. A shekarar 2023 litar fetur ta kai sefa 850. Mu ƙaddara ɗalibi yana yin kilomita 30 a yini, kwana 22 a wata. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci kusan jaka 45 a wata. Babur mai shan lita 2 kuwa, wajen jaka 11. Ba a ma zo maganar inshora, da gyara, da binciken lafiyar mota a CCVA ba. Ga ɗalibi guda, babur ko bas ɗin SOTRACO ya fi sauƙi. Mota tana da riba ne idan yara uku ko huɗu za su haɗa hanya, su haɗa kuɗin mai.

Idan an tsaya a kan mota, a tuna inda ta fito. A Turai ana watsa gishiri a kan tituna lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuma yana cin ƙarfe daga ƙasa. Fenti na iya sheƙi alhali cikin ya ruɓe. A kai ta gareji, a ɗora ta kan rami, makaniken da mai saye ya zaɓa ya duba ƙarƙashinta. Kada a yi cinikin biri a sama.

Namu yanayin kuma daban ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, hazo yana rage gani, don haka a gwada fitilu da birki. A Afrilu zafi kan wuce digiri 40. Motar da lagiretonta ke yoyo ba za ta kai labari ba. Da damina jar ƙasar lungunanmu kan zama taɓo, kuma wanda ya ga ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ya san ruwan Wagadugu ba abin wasa ba ne. A nemi mai ɗan tsayi daga ƙasa, mai tayoyin kirki, wadda kayan gyaranta ke samuwa a gari, irin su Toyota Corolla.

Sai takardu. Lambar shasi ta dace da wadda ke kan "carte grise", a tabbatar an biya kuɗin duwan, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Shari'a ta haramta wa mai sayarwa ɓoye aibi, amma ba ta ɗauke wa mai saye nauyin dubawa ba. Kada kuma a ci bashin ruwa don a burge maƙwabta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Idan babur aka zaɓa, a sayi hular kwano tare da shi rana guda, uba kuma ya tsaya ya ga ana sa ta. Kuɗin da aka rage a mota, a zuba shi a littattafai. Allah Ya kai 'ya'yanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, amin.