Hargitsin da Ke Cikin Na'urar Ƙarfafa Hasken Leza

Shirinmu na yau zai shiga ɗakunan bincike inda ake sarrafa hasken leza, wanda likitoci ke gyaran ido da shi, masana'antu kuma ke yankan gilashi da shi, domin mu duba wata mas'ala da ta daɗe tana damun ma'abota wannan fanni.

Tun shekarar 1985, lokacin da Donna Strickland da Gérard Mourou suka fito da hikimar ƙarfafa gajeriyar walƙiyar leza a Jami'ar Rochester ta Amurka, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2018, ake dogaro da wata na'ura wadda ake shigar da walƙiya mai rauni cikinta, a kulle ta tsakanin madubai, ta yi ta kai da komo tana ratsa wani kiristal da aka cika da ƙarfi, tana ɗiba kaɗan-kaɗan, har ta ƙasaita, sannan a buɗe mata ƙofa ta lantarki ta fita.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kiristal ɗin nan tamkar rijiya yake: idan guga ya kwashe ruwa da yawa, aka kuma sake zura shi tun rijiyar ba ta kawo ba, sai ya fito da kaɗan, da yake kuwa kaɗan ya ɗiba, na bayansa sai ya tarar da ita cike. Kiristal mai sinadarin itabiyom yana riƙe ƙarfinsa kimanin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, saboda haka idan aka riƙa harba walƙiya dubbai a sakan guda, kowace za ta gaji abin da ta gabanta ta bari, sai ka ga babba, ƙarama, babba, ƙarama. In aka ƙara yawan kai da komon, sai tsarin ya koma maimaita kansa bayan walƙiya huɗu, sannan bayan takwas, daga nan lissafi ya kuɓuce.

A 2004 Jochen Dörring da abokan aikinsa suka bayyana wannan al'amari a mujallar Optics Express, kuma abin da ya fi kama hankalina cikin bayaninsu shi ne, na'urar lafiya lau take, hargitsin daga ƙa'idar aikinta yake fitowa, ta hanyar da Robert May ya nuna tun 1976 cikin lissafin hauhawa da raguwar yawan halittu. Illar kuwa ba ƙarama ba ce, domin walƙiya ɗaya da ta wuce haddi tana iya ƙona madubi mai tsada.

Daga baya Mikhail Grishin da abokansa a Lituwaniya suka tabbatar cewa idan aka ƙarfafa walƙiya mai raunin nan kafin a shigar da ita, ba ta buƙatar kai da komo mai yawa, na'urar kuma takan natsu. Wasu injiniyoyi kuwa sukan auna kowace walƙiya da ta fita, na'urar lantarki ta gyara ma ta bayanta gwargwadon abin da aka gani.