Mai Buɗe Asusu a Rumfar Caji ta Guri

A garin Guri da ƙauyukanta irin su Kadira da Abunabo, ba a rasa rumfar da aka jera wayoyi a benci suna shan caji. Masu sana'ar waya sun kasa aikinsu gida biyu. Akwai mai taɓa ƙarfe, wanda ke canza sikirin da bakin caji, akwai kuma mai aikin ciki, wanda ke zaune da kwamfutar cinya da tulin igiyoyi. Shi ake kai wa kuka idan WhatsApp ya ƙi buɗewa, ko Facebook ya ce bai san mai shi ba.

Yawancin kukan daga canjin layi yake farawa. Wayar masunci ta faɗa ruwa, ko ambaliya irin ta 2022 ta tafi da ita, ko an rufe layi don ba a haɗa shi da lambar NIN ba, abin da gwamnati ta wajabta tun Disamba 2020. Sai mutum ya sayi sabon sim ya zura, a zatonsa shi ke nan. Alhali asusun nasa da tsohuwar lamba ya san shi, can kuma za a riƙa tura masa lambar tabbatarwa. Idan ya yi ta cankar kalmar sirri yana kuskurewa, sai a garƙame ƙofar gaba ɗaya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 dillalan kifi da shinkafa suka koma ciniki ta waya, don haka rufewar asusu tsayawar kasuwa ce.

Jarin mai wannan sana'a bai taka kara ya karya ba: kwamfuta 'yar gwanjo daga kasuwar Farm Centre ta Kano, farantin sola da batir, sai data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Amma ainihin kayan aikin a kan mai waya yake, kuma da tambaya ake tono shi.

"Baba, wa ya buɗe maka imel ɗin nan?"

"Wane imel kuma, ɗana? Yaron shagon da na saya ne ya daddanna ya miƙo mini."

"To layin, da sunan wa aka yi rajistarsa?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke raba aiki mai sauƙi da mai wuya. In da sunansa ne, sai a tura shi ya yi walkam-bak, wato a dawo masa da tsohuwar lambar a sabon sim, sau da yawa sai ya biya kuɗin mota zuwa Haɗeja da katin NIN a aljihu. In da sunan ƙane ne ko miji, kamar yadda layukan mata da yawa suke, to mai sunan ne zai je da kansa. In kuwa layin ya daɗe a kwance, mai yiwuwa kamfani ya janye shi ya sayar wa wani, sai dai a kira baƙon a roƙe shi.

Sauran aikin sanin halin kowace manhaja ne, da iya jira. WhatsApp na turo lambobi 6, amma wanda ya sa makulli na biyu ya manta, bai kuma haɗa da imel ba, sai ya jira kwana 7. Wayar Android da aka yi wa filashin, tun 2015 ba ta buɗewa sai an ba ta asusun Google na da, kuma in an canza kalmar sirri yau, ana so a bari a ƙalla awa 24 kafin a goge wayar. Facebook kan nemi hoton katin shaida, nan kuma laƙabi ke jawo matsala, domin wanda ya buɗe asusu da sunan da abokai ke kiransa, katinsa wani suna zai nuna. Gwanin gaske yakan ce a ajiye waya a dawo jibi, ko da mai ita zai tafi yana ganin ba a yi masa komai ba. Rashin wannan haƙuri ne ke sa sabon hannu ya ƙara tsawon kullen.

Babu tsayayyen farashi, ciniki ake yi. Ƙaramin aiki bai wuce kuɗin data da na shayi ba, filashin ya fi kawo abin kirki. Da kaka, in shinkafa ta shigo, ana biya nan take. Da damina kuwa bashi ne, wani ma da kwanon shinkafa ko bandar kifi zai sallame shi. Aikin da bai ci ba babu lada, ga data ta ƙone, ga sabis da kan ɗauke ana tsaka da jiran saƙo.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda masu wannan sana'a suke ja da baya. Wayar da aka kawo babu kwali babu rasit, mai ita kuma bai san ko lamba ɗaya da ke ciki ba, mai hankali ba ya taɓa ta, don ta sata ce ke kai mutum ofishin 'yan sanda. Asusun kuɗi irin na OPay ko Moniepoint kuwa, wajen kamfanonin yake tura mutum. Idan aka zo sa lambar sirri, miƙa wayar yake yi ya kau da kai.

In asusu ya buɗe, da sauran aiki. Zai ƙara lamba ta biyu, ta ɗa ko ta mata, ya rubuta imel da kalmar sirri a takarda ya ce a adana tare da katin zaɓe. Sannan ya nuna wa mai waya inda ake sauya lamba a cikin WhatsApp, ya ja masa kunne cewa nan gaba a yi wannan tun tsohon sim yana aiki. Bayan nan ne ake maganar kuɗi.