Laushin Sirdi Ba Ya Hana Maruru

A gasar keken zagaye ƙasar Sifen ta 1987, Sean Kelly ɗan ƙasar Ailan ne ke kan gaba. Saura 'yan kwanaki a kammala, maruru a wurin zama ya tilasta masa janyewa. Idan gwani irin wannan ya kasa, matafiyin da zai kwashe makonni yana tuƙa keke bai kamata ya raina abin ba. Abu uku ke haɗuwa su haifar da ciwon: nauyin jiki a wuri guda, gugar fata da wando, da gumi. Fata ta jiƙe, ta sale, ƙwayoyin cuta su shige tushen gashi, ƙurji ya zama maruru. Mai jaki ya san haka tuntuni, domin akumarin da bai zauna daidai ba shi ke jawo miki.

Da yawa suna ganin maganin shi ne sirdi mai kaurin soso. A zirga-zirgar cikin gari wannan ba laifi, amma a doguwar tafiya soson lotsawa yake. Ƙasusuwa biyu na ɗuwawu da ya kamata su ɗauki nauyi sai su nutse, soson ya taso ya danne naman matsematsi, ga shi yana riƙe zafi. Abin nema shi ne sirdi mai ɗan tauri wanda faɗinsa ya dace da ƙasusuwan nan, a kafa shi a miƙe. Tsayinsa ma abin lura ne: a ɗora dunduniya kan feda tana can ƙasa, idan ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba, an dace. Ya wuce haka, kowane juyin feda sai ƙugu ya goga sirdin, sau dubbai a wuni. Kuma ba a soma doguwar tafiya da sabon sirdi, sai jiki ya saba da shi.

Sauran aikin na tsafta ne. Wandon keke mai matashi ana sa shi ba kamfai, saboda ɗinkin kamfai yana cin fata, auduga kuma ba ta sakin gumi. A riƙe biyu, ɗaya a jiki, ɗaya an wanke yana shanye a bayan kaya. A shafa ɗan mai inda ake guga, a riƙa miƙewa kan feda jefi-jefi don jini ya zagaya, da an sauka kuma a tuɓe, a wanke, a bushe.

Wani zai ce fata takan saba, a daure kawai. Da nauyi take sabawa. Ƙurjin da ƙwayar cuta ta kama kuwa ƙara hawa ƙara ruruwa. Kada a matse shi, a huta kwana ɗaya ko biyu. Idan ya kumbura, yana zogi ko ya zo da zazzaɓi, musamman ga mai ciwon sukari, a ajiye keken a nemi likita.