Harald na Denmark: sarkin da ya karɓi giciye don ya tsare gadon sarauta

A garin Jelling da ke tsakiyar yankin Jutland akwai wani ƙaton dutse da Sarki Harald ɗan Gorm ya sa aka sassaƙa wajen shekarar 965. Shi ne sarkin da laƙabinsa, Bluetooth, ke cikin wayoyinmu a yau. Rubutun dutsen ya ce an kafa shi don tunawa da mahaifinsa Gorm da mahaifiyarsa Thyra, sannan ya jera bajinta uku: cewa Harald ya mallaki Denmark baki ɗaya, ya haɗa da Norway, ya kuma mai da mutanensa Kiristoci. A fuska ɗaya ta dutsen an zana Almasihu ya buɗe hannuwa, wasu zane-zane masu kama da rassa sun nannaɗe shi. A ganina, bajinta ta uku ita ce ta riƙe ta farko, domin da sabon addinin Harald ya kare ƙasarsa.

Hujjar tana kudancin iyaka. Maƙwabcin Harald shi ne Otto na Ɗaya na Jamus, wanda aka naɗa babban sarki a Rum a 962, kuma ya saba yaƙar ƙabilun Slav da sunan yaɗa addini. Tun 948 aka naɗa bishop-bishop na garuruwan Schleswig da Ribe da Aarhus a ƙarƙashin cocin Hamburg da Bremen, alhali sarkin Denmark na bautar gumakan kakanninsa. Ke nan baƙo ya riga ya sa ƙafa a zaure. Da Harald ya yi baftisma, sai dalilin kawo masa hari don addini ya faɗi. Abin da ya yi da gawar mahaifinsa ya ƙara fito da nufinsa. Ɗakin katako da ke cikin tudun kabari na arewa a Jelling, wanda binciken itacensa ya nuna shekarar 958, an same shi babu gawa. An kuma tono ƙasusuwan wani mutum a ƙarƙashin cocin da ke dab da tudun, kuma masana da yawa na ganin na Gorm ne. Idan haka ne, ɗan ya shigar da uban addini bayan mutuwa, don kada sarautar gidansu ta tsinke tsakanin tsohon zamani da sabo.

Za a ce na rage wa imani daraja, tunda Widukind, marubucin wancan zamani, ya ruwaito cewa wani malamin coci mai suna Poppo ya ɗauki jan ƙarfe da hannu bai ƙone ba, shi ne sarki ya gaskata. Zuciyar Harald sai Allah, kuma ba na cewa munafunci ya yi. Amma wa'azin ya kai Denmark tun zamanin mai wa'azi Ansgar, fiye da shekara ɗari kafin nan, kuma wani sarkin, Harald Klak, da ya yi baftisma a 826 bai iya riƙe mulki ba. Abin da ya sauya shi ne ƙarfin Jamus. Za a kuma ce ai Otto na Biyu na Jamus ya kawo yaƙi a 974, ya keta ganuwar Danevirke. Gaskiya ne, sai dai yankin iyaka ya ci, bai tuɓe sarki ba, kuma a 983 mutanen Denmark suka ƙwato abinsu.

Tsakanin waɗannan shekaru ne Harald ya nuna abin da mallakar ƙasa ke nufi a wurinsa. Wajen 980 aka gina sansanonin yaƙi masu da'ira, irin su Trelleborg da Fyrkat da Aggersborg, kowane da ƙofofi huɗu da hanyoyi biyu da suka gitta juna a tsakiya. Faɗin Aggersborg daga ciki mita 240 ne, da dogayen gidaje 48 a jere bisa ma'auni ɗaya. A Ravning Enge an shimfiɗa gadar itace mai tsawon kusan mita 760 a kan fadama. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai ga mai ikon tara dubban manoma da gatari, ya ciyar da su, ya kuma sa manyan gari su yi biyayya.

Nan ma rauninsa yake. Mai yiwuwa nauyin aikin tilas ya gundure talakawa da manya, don ɗansa Sweyn ya yi masa tawaye, aka ji wa Harald rauni, ya tsallaka tekun Baltic ya mutu a ƙasar Wend wajen 986. Ba da jimawa ba aka watsar da sansanonin. Marubucin tarihi Adam na Bremen ya bayyana rikicin a matsayin boren masu ƙin addini, amma Sweyn bai mai da ƙasar ga gumaka ba. Da Denmark ɗin da ubansa ya dunƙule Sweyn ya ci Ingila a 1013, ɗansa Knut kuma ya mulki Ingila da Denmark da Norway a matsayin sarki Kirista.