Minti Biyu Kafin a Zura Na'ura: Yadda Takardar Tantancewa Ke Kare Mai Gwajin Endoskofi

Ranar 28 ga Agusta, 2014, Joan Rivers, fitacciyar mai barkwanci a gidajen talabijin na Amurka, ta shiga asibitin Yorkville Endoscopy da ke birnin New York da ƙafarta. Tana da shekara 81. Muryarta ce ta dushe, ga ƙwannafi yana damunta, aka ce za a leƙa maƙogwaro da cikinta, ta koma gida a ranar. Ana tsakiyar aikin numfashinta ya tsaya, ƙwaƙwalwarta ta rasa iskar oksijin, ba ta sake farfaɗowa ba har ta rasu ranar 4 ga Satumba.

Abin da masu binciken hukumomin lafiya suka tarar ya girgiza likitoci. Ba a rubuta nauyinta ba kafin a yi mata allurar barci, alhali nauyin mutum na cikin abin da ake dubawa wajen auna maganin. Adadin maganin propofol da aka rubuta a takardunta ya saɓa wa juna. An yi mata wani gwajin akwatin murya wanda ba ta sa hannun amincewa da shi ba, kuma likitar da ta yi shi ba ta da izinin aiki a wannan asibitin. Da alamun jikinta suka fara taɓarɓarewa, ba a farga da wuri ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar na'ura ko ƙarin kuɗi kafin a kauce masa. Tambayoyi ne da ya kamata wani ya yi da baki, wani ya amsa, kafin a taɓa majinyaciya.

Endoskofi gwaji ne da ake zura dogon bututu mai laushi, mai fitila da kyamara a kansa, don a ga cikin jiki ba tare da an tsaga shi ba. In ta baki aka bi, ana ganin maƙogwaro da tumbi da farkon ƙaramin hanji. In ta dubura ne, ana ganin babban hanji. Tun da Basil Hirschowitz ya gwada na'urar farko mai lanƙwasawa a Jami'ar Michigan a 1957, inda ya fara haɗiye ta da kansa, aikin ya wuce kallo kawai. Yau da ita ake gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji, a cire tsiron da kan rikiɗe ya zama kansa, a ɗaure jijiyoyin maƙogwaro da ke zubar da jini ga masu ciwon hanta, a fitar da tsakuwa daga magudanar matsarmama.

Gwaji ne mai aminci. Hujewar hanji, alal misali, ba ta kai sau ɗaya cikin dubu ba a gwajin babban hanji na dubawa kawai. Sai dai wannan aminci shi ke jawo sakaci. Ana shigo da wannan ana fita da wancan, kowane aiki minti goma ko ashirin, ɗakin da ɗan duhu, idon kowa na kan allo. A irin wannan hali ne ake manta ƙananan abubuwa.

Birtaniya ta ƙidaya abin da mantuwar ke jawowa. A 2004 hukumar NCEPOD, mai bin diddigin mace-mace a asibitoci, ta duba mutum 1,818 da suka rasu cikin kwana 30 bayan an yi musu aikin magani da endoskofi, ta gano kusan kashi 14 cikin ɗari an ba su maganin barci fiye da kima. A Disamban 2008 kuma hukumar kare lafiyar majinyata ta ƙasar ta yi gargaɗi kan allurar midazolam, bayan ta samu rahoton kuskure 498 cikin shekara huɗu, uku daga ciki sun kai ga mutuwa. Maganin yana zuwa da ƙarfi daban-daban, wani milligiram ɗaya a kowace millilita, wani biyar. Wanda ya zuƙo mai ƙarfin yana zaton ɗayan ne, ya ninka wa tsoho ko mai ciwon huhu magani sau biyar.

Dabarar rage irin wannan ba daga asibiti ta fito ba. A Oktoban 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a filin Wright da ke Ohio, mutum biyu suka rasu. Matuƙin ƙwararre ne, amma an manta ba a saki makullin da ke riƙe fikafikan sarrafa jirgin ba. Daga nan matuƙa suka rubuta ɗan gajeren jerin abubuwan da dole a duba kafin tashi da sauka. A 2001 Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins ya ɗauko dabarar, ya tsara matakai biyar na sa bututu a babbar jijiya, kuma da aka yi aiki da su a ɗakunan kulawa ta musamman fiye da ɗari a jihar Michigan, kamuwa da ƙwayoyin cuta ta wannan hanya ta faɗi ƙasa warwas. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya, da jagorancin likitan tiyata Atul Gawande, ta fitar da takardar tantancewa mai tambaya 19. An gwada ta a asibitoci takwas, daga London da Toronto har Ifakara ta Tanzaniya. Mace-mace bayan tiyata suka sauka daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari, matsaloli kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7.

Masu endoskofi sun ga takardar ɗakin tiyata ba ta dace da aikinsu kai tsaye ba, sai suka ɗinka tasu. Likitocin asibitin St Mark's da ke London, ciki har da Manmeet Matharoo da Siwan Thomas-Gibson, na cikin waɗanda suka fara, kuma sun wallafa yadda suka yi a 2014. A 2022 ƙungiyar likitocin endoskofi ta Turai da takwararta ta ma'aikatan jinya suka ba da shawarar kowane sashe ya mallaki irin wannan takarda.

Ga yadda abin yake in ana yinsa bisa ƙa'ida. An kwantar da dattijo a gefensa na hagu, an maƙala masa abin auna oksijin a yatsa. Likita bai ɗauki na'ura ba tukuna. Kowa ya bar abin da yake yi, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Nas ta duƙo kusa da kunnen majinyacin.

"Baba, faɗa mana cikakken sunanka da bakinka."

Ba ta ce masa "Kai ne Malam wane?" ba, domin mai jin tsoro ko mai nauyin kunne zai amsa da "E" ko da sunan wani aka kira. Ta haɗa abin da ya faɗa da lambar katinsa. Sannan ta ci gaba.

"Wane gwaji aka ce za a yi maka yau? Yaushe rabonka da abinci, ko da koko ne ko shayi da madara? Akwai maganin da jikinka ba ya so? Kana shan maganin tsinka jini? Akwai haƙorin roba ko mai girgiɗi? Wa zai mayar da kai gida?"

Kowace tambaya akwai hatsarin da take tarewa. Abinci a tumbi na iya tasowa ya faɗa huhu, shi ya sa ake so a yi kamar awa shida ba a ci komai ba. Magunguna irin warfarin da clopidogrel na iya sa jini ya ƙi tsayawa in aka yanke tsiro. Mai ciwon suga da ya yi allurar insulin kuma ya wuni da yunwa, sugarsa na iya faɗuwa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya sai an yi hattara da shi wajen ƙona nama da lantarki. Bayan majinyaci, sai a juya kan kayan aiki: oksijin na zuwa, injin zuƙe majina na ja, maganin warware allurar barci, wato flumazenil da naloxone, yana kusa. Duka wannan bai fi minti biyu ba.

In an gama akwai zagaye na ƙarshe kafin a fita da majinyaci. Nas ta ɗaga kowace kwalbar nama ta karanta sunan da ke jiki da sashen da aka gutsuro shi, likita ya tabbatar. Kwalba ɗaya in ta sauya da ta wani, mai kansa zai koma gida da albishir ɗin ƙarya, mai lafiya kuma a shirya masa tiyata. A rubuta adadin maganin da aka ba shi, da ranar da zai koma shan maganin tsinka jini, da lambar na'urar da aka yi amfani da ita. Amfanin wannan lamba ya bayyana a 2015 a asibitin jami'ar UCLA da ke Los Angeles, inda na'urorin leƙa magudanar matsarmama masu wuyar wankewa suka yaɗa ƙwayar cuta mai bijire wa magani. Mutum bakwai suka kamu, biyu suka rasu, aka nemo wasu kusan 180 aka sanar da su. Ba don an san wace na'ura ta shiga jikin wa ba, da neman su ya yi wuya.

Amma mallakar takarda daban, aiki da ita daban. Lardin Ontario na Kanada ya wajabta wa asibitoci takardar tiyata, kuma binciken da aka wallafa a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani sauyin a-zo-a-gani ba: mace-mace sun sauka daga kashi 0.71 zuwa kashi 0.65 kawai. Masana da dama sun danganta wannan da aikin jeka-na-yi-ka, inda aka ba da umarni daga sama ba tare da horo ba, ma'aikata suka riƙa cike gurabe don kawai a ga an cike. Takardar na aiki ne in an karanta ta da murya, babban likita ya tsaya cak yana saurare, kuma nas mafi ƙanƙanta a ɗakin ta san tana da ikon cewa "Ranka ya daɗe, a dakata" ba tare da an ɗauke shi raini ba.

Wannan batu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Ana yin endoskofi a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da asibitocin kuɗi da dama, kuma masu gyambon ciki da masu aman jini sakamakon ciwon hanta ba sa ƙarewa a layi. A layi ɗaya ana iya samun Muhammad uku da Fatima biyu, wasu ma sunan mahaifinsu ɗaya, wasu ba su san ranar haihuwarsu ba, don haka lambar kati ce madogara. Kunya kan hana majinyaci tambayar likita, girmama na gaba kan hana ƙaramin ma'aikaci magana. Sashen da zai rubuta tasa takardar a nan ya kamata ya ƙara abin da ya dace da wurinsa: janareta na da mai, tukunyar oksijin ba ta kusa ƙarewa ba, akwai mai yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala.

Shi ma majinyaci da mai jinyarsa suna da nasu rabon aikin. Su zo da duk magungunan da ake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da na ciwon jiki da ake saye a kemis. In an ci wani abu da safe a faɗi gaskiya, ko da za a ɗage gwajin. Wanda aka yi wa allurar barci ba zai tuƙa mota ko babur ba sai bayan awa 24. Kafin a bar asibiti kuma su nemi a rubuta musu lambar wayar da za su kira in aka ga aman jini, ko baƙin bayan gida, ko ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, domin jinin da ke biyo bayan cire tsiro yakan iya ɓallewa har bayan mako biyu da yin aikin.